Jigo Babu Rijiya

Akwai wasu kalmomi da duk ɗalibin Hausa yake iya jerowa ko da daga barci aka tashe shi, wato jigo da salo da zubi da tsari. Da su aka yaye mu a sakandare, da su aka tarye mu a jami'a, kuma da wuya a buga takardar jarrabawar adabi ba a sami ɗaya daga cikinsu zaune a tambaya ta farko ba. Sabo ya sa har an daina jin nauyinsu a baki, kamar yadda mai tallar yau da gobe yake mance cewa akwai gammo a kansa. Abin da ya sa muka waiwaye su kuwa shi ne zaman da muke yi a Apo, domin unguwa ce da ta ajiye mana darasi biyu a kan rayuwar kalma, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba tare da ta san tana koyar da kowa ba.

Ga wanda bai san wurin ba, Apo tana kudancin birnin Abuja ne, idan an baro Garki aka nufi wajen Gudu. Asalin ƙasar ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kamar yawancin filin da aka yanka domin sabon babban birni a 1976, aka kuma tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991. Abu biyu ne suka fi fito da sunan unguwar. Na farko shi ne gidajen 'yan majalisa, inda aka sauke wakilan Majalisar Ƙasa da aka koma mulkin farar hula a 1999, kafin daga baya a sayar da gidajen a zamanin mulkin Obasanjo. Na biyu shi ne garejin makanikai, wanda ya zama gari guda, da masu sayar da kayan gyara, da masu walda, da masu faci, da masu fenti, da masu abinci da ke ciyar da su duka. A tsakanin waɗannan maƙwabta biyu muke, mu 'yan haya, muna jin Hausar mai shayi da ta mai tsire da ta mai tura ruwa, muna kuma jin ta a bakin Ibo da Gwari da Tibi waɗanda ciniki ya koya musu ita.

Bari mu fara da maƙwabcinmu na dama. Tsarin Mulkin 1979, a sashe na 51, ya tanadi cewa za a gudanar da harkokin Majalisar Ƙasa da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi shirin da ya dace. Na 1999 ya maimaita wannan magana a sashe na 55. An kuwa fara shirin, domin a 1991 Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NERDC, mai hedkwata a Sheda a nan cikin yankin Babban Birni, ta fito da ƙamus mai harsuna huɗu na kalmomin majalisa. Masana sun zauna, sun yi gumi, sun samo wa kowace kalma takwararta. Yau fiye da shekara talatin ke nan, har yanzu da Ingilishi ake muhawara a zauren dattawa da na wakilai. Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne a shekarun 1950 ana tashi a yi jawabi da Hausa a majalisar Jihar Arewa a Kaduna, alhali a lokacin babu irin wannan ƙamus. Kalmomin suna nan lafiya lau, ko ƙwarzane ba su yi ba, kamar rigar salla da aka ɗinka aka ninke a adaka har mai ita ya girme ta.

Maƙwabcinmu na hagu kuwa babu kwamitin da ya taɓa zama dominsa. Duk da haka yaron gareji yana da birki da giya da kuloci da totur da lagireto da kafireta da fulogi da salansa da sitiyari, duk ya tauna su ya mayar da su Hausa, har wanda ya aro musu ba zai gane kayansa ba. Inda aro bai gamsar da shi ba sai ya ƙirƙiro, ya ce baƙin mai, ya ce inji ya buga, ya ce mota tana tari, ko tana shan mai. Mun sha tsayawa muna kallon yadda ake koyar da waɗannan kalmomi. Maigida yana kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani, sai ya ce, "Kai, miƙo min sifana sha biyu." Idan yaro ya miƙo sha huɗu zai ji abin da ba ya so, gobe ba zai ƙara ba. Ba a taɓa ce masa ya bayyana ma'anar kuloci ya kawo misali biyu ba. Da za a tambaye shi haka ma sai ya yi ta inda-inda, amma a ba shi awa uku ya kwance shi ya mayar. Kalmar da abin a tare suka shiga hannunsa.

To, ina namu kalmomin suka faɗa, wato keɓaɓɓun kalmomin nazarin adabi? Da wane maƙwabci suka fi kama?

Kafin a amsa, wajibi ne a yi wa waɗanda suka samar da su adalci, domin da yawa daga cikinmu suna zaton tare da harshen aka halicce su. A farkon al'amari da Ingilishi ake koyar da Hausa a jami'o'inmu, har littafin nahawun da Farfesa M.K.M. Galadanci ya fitar a 1976 da Ingilishi aka rubuta shi. Da aka ƙudura cewa Hausa za ta koyar da kanta, sai aka tarar ba a da kayan aiki. An kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969, kuma a mujallarta, Harsunan Nijeriya, Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da jerin kalmomin adabi a 1973. Shi ne kuma ya tace Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda ya fito a 1990, aikin Ƙungiyar Nazarin Hausa bisa ɗaukar nauyin wannan hukuma ta Sheda, a daidai lokacin da masana Yarabanci da Ibo suke irin wannan fama da nasu harsunan. A Kano Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa Gadon Feɗe Waƙa, ya kuma ɗauraye shi, Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, a Sakkwato kuma Abdullahi Bayero Yahya ya rubuta Jigon Nazarin Waƙa a 1997 da Salo Asirin Waƙa a 2001. Ke nan yawancin kalmomin da muke jerowa a jarrabawa ba su girmi iyayenmu ba a matsayinsu na kalmomin ilimi.

Abin da ya fi burge mu da aikin waɗannan malamai shi ne inda suka je neman kaya. Wani kaso dai sun tarar da shi a zaure, domin malaman da suka yi waƙoƙin wa'azi tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u sun san baiti da ƙafiya da tahamisi, wato a ɗauki baitin wani mai ɗango biyu a ɗora masa uku ya zama biyar. Ita kanta kalmar adabi daga can ta fito, kuma uwarsu ɗaya da ladabi. Amma sauran, a gona da lambu da mahauta da hanyar fatauci aka samo su. Dubi feɗe. Wanda ya taɓa tsayawa a kan mahauci ya san feɗe ba sara ba ne, bin gaɓa ne da bakin wuƙa, a raba fata da nama ba tare da an huda ta ba, a fito da kayan ciki ba a fasa matsarmama ba. Wanda ya ce a feɗe waƙa ya riga ya faɗa wa ɗalibi yadda zai riƙe wuƙar. Dubi gangara, inda maganar ɗango ba ta ƙare a ƙarshensa sai ta gangara cikin na ƙasa da shi, kamar ruwa a tudu. Dubi saɓi-zarce, inda maganar ta tsallake har cikin baiti na gaba. Wannan kalma ta fatake ce, waɗanda kan iso zango su ƙi sauka su wuce na gaba. Amsa-amo kuwa duk yaron da ya taɓa yin ihu a gindin dutse ya ji muryarsa ta dawo masa ya san shi, kuma Abuja ba ta rasa duwatsu ba. Ga gindin waƙa da ɗiyanta, waɗanda daga bakin makaɗa aka ɗauko su. Ga karangiya, mai maƙalewa a harshe kamar yadda take maƙalewa a wando. Ko kambamar zulaƙe, mutum bai gama furta ta ba sai ya ji bakinsa ya cika, ya san an ƙara gishiri.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a duniyar ilimi. Halilu ɗan Ahmadu na Basra, wanda ya tsara ilimin aruli a ƙarni na 8, daga tanti ya kwaso kalmominsa: baiti gida ne, wasu sassan ma'auni kuma ya kira su da sunan igiya da turken da ake kafa tanti da su, domin duk Balaraben da zai karanta littafinsa ya taɓa ɗaure igiyar tanti. Kalmar da mutanen Ingila ke kiran baiti da ita daga Italiyanci ta zo, inda take nufin ɗaki, wadda kuma suke kiran waƙa ko ɗango da ita ta samo asali ne daga Latin, daga juyawar garma idan ta kai ƙarshen kunya. Kowa da abin hannunsa yake auna abin kansa.

Jigo shi ne ya fi tsaya mana a rai. A lambun fadama akan kafa itace biyu a bakin rijiya ko rafi, a gitta wani a samansu, a ɗaura doguwar sanda a kai. A gindin sandar akwai curin laka mai nauyi, a bakinta kuma igiya da guga. Mai lambu ya ja igiya guga ya nutse, ya saki nauyin laka ya ɗago masa ruwa, ya juye a magudana, ruwa ya bi ya shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Duk koren da ido ke gani a lambun, albasa ce ko latas ko tumatir, daga wannan wuri ɗaya yake sha. Da za a ce mu zaɓi kalmar da ta fi kowace dacewa a cikin ƙamus ɗin nan, ita za mu zaɓa, domin ta faɗi abin da dogon bayani ke kasa faɗa: cewa akwai abu ɗaya da ke shayar da kowane babi da kowane baiti, kuma ana gane shi ta bin magudana a koma baya har inda ruwan ya fito.

A wani dogon hutu mun tara 'yan yara goma sha huɗu a nan Apo, masu shirin jarrabawar fita sakandare, a wani aji da aka ara mana. Iyayensu Hausawa ne daga Katsina da Zariya da Gusau da Bauci, amma su a Abuja aka haife su. Muka tambaye su mene ne jigo. Kafin mu rufe baki sun amsa da murya ɗaya cewa shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa ga jama'a. Muka ce madalla, to wa ya taɓa ganin jigo da idonsa? Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba shi ne babban mutum a jam'iyya ba? Ina ji ana faɗa a labarai." Ba ta yi ƙarya ba, kuma a Apo ma ta fi kowa gaskiya, tunda unguwar cike take da irin waɗannan jigogi. Sai muka raba musu wani gajeren labari da muka rubuta, na wani mai gadi da ya shekara ashirin yana buɗe wa mutane ƙofar gidan da bai taɓa shiga falonsa ba, muka ce su fito da jigonsa. Tara suka rubuta faɗakarwa, uku suka rubuta wa'azi, biyu suka rubuta nishaɗi. Babu wanda ya ambaci ƙofa.

Ba laifin yaran ba ne, abin da aka ba su suka dawo da shi. An ba su jerin jigogi kamar jerin ramukan dara, wa'azi da faɗakarwa da soyayya da siyasa da yabo da zambo, aka nuna musu cewa aikin mai nazari shi ne ya jefa littafi a rami ɗaya ya karkaɗe hannu. A ganinmu wanda ya ce jigon Shehu Umar shi ne bauta, ya tsaya nan, bai ce komai ba tukuna. Sai ya bi uwar da ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ya tambayi kansa me ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sa labarin a bakin malami mai natsuwa wanda ke ba ɗalibansa tarihinsa ba tare da ɗaga murya ba, sannan ne guga ya taɓa ruwa. Haka wanda ya ce jigon Ruwan Bagaja nishaɗi ne, ai ya faɗi abin da littafin ya yi masa ne, bai faɗi abin da littafin yake yi ba.

Amma akwai wata matsala da ta fi wannan zurfi, wadda zaman Apo ya buɗe mana ido a kanta. Malamanmu sun ɗauko kalmomi daga lambu da zango domin su sauƙaƙa, saboda ɗalibin 1973 ya taso yana ganin jigo, kakansa kuma ya yi fatauci. Yau injin ban-ruwa ya kori jigo daga yawancin fadamun da muka sani, tirela ta kori ayari, yaron Apo kuma nama a leda yake ganinsa. Saboda haka kalmar da aka kawo ta zama fitila ita ma yanzu tana bukatar a haska ta. A kunnen wannan yaro saɓi-zarce da kalmar Ingilishi da aka fassara da ita duk baƙi ne, sai dai ɗaya ta sa rawani.

Wannan ya kai mu ga kalmomin karatu su kansu, waɗanda ba na nazari ba. Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar, da Magana Jari Ce da ya biyo bayansu a ƙarshen shekarun 1930, su ne har yanzu ake nuna wa ɗalibi a matsayin ma'aunin kyakkyawar Hausa, kuma sun cancanta. Sai dai duniyar da ke cikinsu ta madugu ce da jaji da mangala da taiki, ta sirdi da likkafa da linzami da ragama, ta zaure da shigifa da turaka da soro. Yaron da aka haifa a ɗaki biyu da falo, wanda bai taɓa ratsa zaure kafin ya shiga gida ba, yaya zai gane nauyin a ce an tsayar da baƙo a zaure, ko girman a ce an shigar da shi har shigifa? Ya karanta jimlar daidai, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba, amma abin da marubucin ya ɓoye a cikinta ya wuce shi. Mun ga yaro ya karanta shafi guda da murya mai daɗi, da muka ƙirga sai muka sami kalma goma sha ɗaya da bai san ma'anarsu ba, kuma bai tsaya a kan ko ɗaya ba, domin an koya masa cewa tsayawa alamar rashin iya karatu ce. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ke bayyana Hausa da Hausa, ya fito tun 2006, amma a cikin yaran nan goma sha huɗu babu wanda ya taɓa riƙe shi. Da muka kawo namu aji, rabin sa'a suka yi suna neman kalmomin zagi, wanda dai shi ne abin da kowane yaro a duniya yake fara yi da ƙamus, daga nan kuma suka shiga neman na kirki.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa muna kukan Hausa ta mutu a Abuja. Aƙilu Aliyu ya yi irin wannan faɗa a Hausa Mai Ban Haushi tun kafin a haifi yawancinmu, ga ta kuwa har yau tana cin kasuwa a bakin waɗanda ba su gaje ta ba. Yaran nan suna da tasu taskar. Sun san kalmomin waya da na ƙwallo da na fim waɗanda kakanninsu ba su sani ba, kuma suna karatu fiye da yadda ake zato, sai dai a waya suke yi, labaran da marubuta, yawancinsu mata, ke saki kashi-kashi, jikokin littattafan da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da takwarorinsu suka cika kasuwar Kano da su a shekarun 1980 da 1990. Yarinyar da ta kasa gaya mana jigon labarin mai gadi ta iya zama ta yi sa'a guda tana bayyana wa ƙawarta dalilin da ya sa wata marubuciya ta ɓata labarinta da ta kashe kishiya tun a tsakiya. Wannan kuwa tarke ne tsantsa, magana ce a kan zubi da tsari, illa dai ba ta san cewa abin da ake tambayarta a jarrabawa shi ne abin da take yi a bakin famfo ba.

Wani zai ce, to a sake kalmomin mana, a ɗauko sababbi daga duniyar yaran. Ba mu goyi bayan haka ba. Ɗalibin Landan bai san garma ba, na Alƙahira bai taɓa kafa tanti ba, amma ba su jefar da kalmominsu ba. Kalmar ilimi ba ta rayuwa da asalinta, da aiki take rayuwa, kamar yadda yaron gareji bai damu da inda lagireto ta samo sunanta ba muddin yana zuba mata ruwa kullum. Abin da muke gani ya kamata shi ne a juya tsarin darasi. A fara da waƙar, a rera ta, a bar yaro ya ji da kunnensa cewa maganar ba ta tsaya a ƙarshen layi ba, ya yi mamaki, sannan a ce masa wannan abin da ka ji sunansa gangara. A bar shi ya ji Mamman Shata ya saki zance 'yan amshi sun dawo da shi gida sau goma, sannan a ce masa ga gindi ga ɗiya. Kuma idan an zo kan jigo, minti biyar ya isa a zana masa shi a allo, da sandarsa da curin lakarsa da gugansa. Mun gwada, kuma a mako na uku, da muka sake ba su labarin mai gadi, yaro ɗaya ya ce, "Malam, duk inda aka je a labarin nan sai an dawo ƙofar." Bai ambaci kalmar jigo ba, amma shi muka ba maki mafi yawa.

Akwai kuma ƙorafin da muke yawan ji a tsakaninmu ɗalibai, cewa malamai sun ƙi haɗa kai. Wannan ya ce jigo, Gusau ya ce turke idan waƙar baka ake magana, har da tubalan da ake gina shi da su. Wannan ya ce ɗango, wancan ya ce saɗara. Ga amsa-amo ga ƙafiya, ga adon harshe ga adon magana, ga jinsintarwa ga jinsarwa. Gaskiya ne abin yana da ciwo a daren jarrabawa, kuma haƙƙi ne a kan mai duba takarda ya karɓi kowace idan ɗalibi ya yi aiki da ita daidai. Amma mu ba mu ɗauke shi aibi ba. Turke da jigo ba hoto ɗaya suke ɗauka ba. Turke inda aka ɗaure doki ne, ya yi ta zagaye iyakar tsawon igiyarsa ya dawo, kuma wanda ya saurari Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya san haka waƙarsu take tafiya, a fita yabo a shiga zambo a leƙa habaici a komo. Rubutacciyar waƙa kuwa, wadda aka zauna aka tsara daga basmala zuwa tammat, ta fi kama da lambu. Mutane ba sa jayayya a kan sunan abin da ba sa amfani da shi. Ba mu taɓa jin 'yan majalisa biyu suna musu a kan wata kalma ta ƙamus ɗinsu ba, amma a gareji kullum ana yi, wani ya ce kafireta wani ya ce kabreta, motar kuma ta tashi.

Wani lokaci ma titi yakan rinjayi aji. Littafi ya ce tauraro, amma fina-finan Kano sun koya wa kowa jarumi da jaruma, mugun kuma yara suna kiransa bos. Idan muka ce su faɗi babban tauraron labari sai sun ɗan yi jim, idan muka ce wane ne jarumin sai amsa ta fito nan take. Muna ganin tauraro ta fi faɗi, domin ba kowane wanda labari ke zagayawa a kansa ne yake da jarunta ba, mai gadinmu ma bai taɓa ko ɗaga sanda ba. Wannan bambanci shi kansa darasi ne na yini guda, kuma da ba a sami kalma biyun ba da ba a yi shi ba.

A makon ƙarshe na hutun yaran suka kawo mana tasu tambayar. Marubutan da suke bi a waya suna da wata ɗabi'a, sai labari ya kai inda numfashi ke tsayawa, an ɗaga wuƙa ko an buɗe wasiƙa, sai su yanke su ce sai gobe. Suka ce mene ne sunan wannan? Muka gaya musu cewa dabarar tsohuwa ce, da ita matar sarki ta tsira da ranta a Dare Dubu da Ɗaya, kuma akun Magana Jari Ce ma da zaƙin labari ya riƙe ɗan sarki ya hana shi fita. Sunan kuwa muka ce su nemo da kansu. Yarinyar nan mai jigon jam'iyya ta ce jan rai. Wani yaro da ke zuwa gareji da yamma wajen kawunsa ya ce a'a, jan rai tun daga farkon labari ake yinsa har ƙarshe, wannan kuwa a wuri ɗaya ne. Ya ce, "Malam, ai rataye mu take yi, kamar yadda ake ɗaga inji da sarƙa a bar shi yana lilo a tafi cin abinci." Aka yi ta musu har lokacin tashi ya wuce, muka rubuta jan rai da rataya a allo, kowace da abin da take nufi. Kwana biyu bayan haka muka ji biyu daga cikinsu a bakin titi, ɗaya tana ce wa ɗaya jiya an rataye su a daidai ƙofar kotu. Mun kawo kalmar nan ne domin malamanmu su auna ta, yaran kuma mun yi musu alkawarin kai musu hukuncin a hutu mai zuwa.